Minti Huɗun da Aka Yanke

Duk wanda ya san Widad 'yar Mukhtar ya san ba ta da gindin zama. A tsaye take shan shayi, tana tafe take cin kisra, in kuwa ka ga ta tsaya cak, to shabaka ce, wato netwok, ta kama a wayarta. Ita kuwa shabakar ƙauyensu 'yar rainin wayo ce, ba ta sauka ko'ina sai kan tudun bayan injin niƙa, inda ake hango kogi da gonakin albasa na bakinsa. Can za ka iske Widad da zarar an tashi daga makarantar 'yan matan da take koyarwa, mayafi ya zame mata daga ka, hannu ɗaya a sama kamar mai tsayar da mota.

Abin da ke kai ta tudun nan shi ne Rakubar Mata, wato rumfar mata. Gurub ne ta buɗe a Watsab shekara biyu da suka wuce, ita da ƙawayenta shida, don haushin da take ji in an ce matan Hausawa ba su da labari sai na tuwo da tsinkar auduga. Kafin a ankara sun haura ɗari biyu: na garin Hajj Abdalla, na Dinder, na Damazin da Roseires, duk a nan Sudan, har da waɗanda aure ya kai Jidda. Duk ranar Alhamis mace ɗaya ke ba da labarin wani abu da ya ba ta tsoro amma ta daure ta yi shi. Da muryarta za ta faɗa, kuma da Hausa, ko da Hausar ta sha Larabci ta ƙoshi kamar ta Widad ɗin kanta. Ba a yankewa, ba a gyarawa. In kin yi tari ko kuka, da tarin da kukan za a ji. In labari ya ƙare sai addu'a ta biyo baya, kowace ta danna ta yi wa duk wanda aka ambata, rayayye ko mamaci. Wannan ba Widad ta ƙirƙiro shi ba, matan ne suka fara da kansu, abin ya zauna daram.

Kada kuma ka ɗauka Widad mai lallashi ce. Ina! Ita ta bi Hindu ta Hajj Abdalla da waya wata guda cur, har matar ta faɗi yadda ta zauna a bakin ƙofar ruwa tun hantsi har la'asar da fartanya a hannu, maza biyar a tsaye a kanta, ta ce ba mai rufewa sai gonarta ta sha. Muryar ta fita daga gurub, ta zaga kasuwanni, dangin mijin Hindu suka daina amsa gaisuwarta har aka yi girbin dawa. Da Hindu ta kira tana kuka, sai Widad ta ce, "Ya Hajja, gaskiya kika faɗa. Wanda ya ji haushi shi ke da abin kunya." Da sauƙin faɗa kuwa, tunda ba gidansu ba ne.

Mutum ɗaya ce ta gagare ta, ita ce kakarta Yalwa, uwar babanta. Shekara biyu tana roƙo, amsar ɗaya ce: "Ni ba ni magana da ƙarhe. Tahi can, 'yar Larabawa, ki koyo gaisuwa tukuna."

Sai ran wata Litinin da yamma. Tsohuwar na zaune a inuwar rakuba tana yanka kuɓewa a faifai don shanya, Widad ta zo wucewa da saurin nan nata, ta ji an ce, "Ke. Kawo ƙarhen naki."

"Na'am, Habboba?" Haka suke kiran kaka da Larabcin nan.

"Kunnenki ma Larabci yake ji? Na ce kawo."

Har takalminta ɗaya Widad ta bari a ƙofa. Ta durƙusa, ta kunna abin ɗaukar murya, ta ajiye wayar a gefen faifai. Tsohuwar ba ta daina yanka ba, ba ta kuma dubi kowa ba.

"Mu goma sha tara munka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka," in ji ta. "Ni ina ɗiya, shekara sha biyar ko sha shida, wa ya ƙirga. Yayata Gambo nike bi, ita da mijinta. Inda damina ta iske mu nan muke noma, in anka yi girbi mu ƙara gaba."

Widad ta ɗago kai. Ita dai abin da ta sani tun tana yarinya shi ne gidansu na tsofaffin zuwa ne, kakan kakanta ya sauka bakin kogin nan tun ba a san mota ba. Ba wanda ya taɓa ce mata Habboba ta taka hanyar nan da ƙafarta.

Tsohuwar ta ci gaba. Mijin Gambo ya rasu a hanya da ciwon ciki, ya bar ta da ciki wata shida. Saura kwana biyu su shigo Sudan naƙuda ta kama ta a gindin wata aduwa, a bayan wani ƙauye, Habboba ta faɗi sunan ƙauyen sarai. Gambo ta haifi namiji da hantsi, jini ya ƙi tsayawa, kafin la'asar ta cika. Nan aka binne ta. Madugu ya ce ruwan gora ya yi ƙasa, ba a jira, jaririn kuma ba mai rayuwa ba ne, a bar wa matan ƙauyen. Yalwa ta ce sai dai a bar su tare. Ta yage zanen yayarta ta goya shi, tana roƙon nonon akuya wurin makiyaya, tana tsoma tsumma tana ɗiga masa a baki. Haka har bakin kogin nan, inda Malam Sa'idu, ɗan tsofaffin zuwa, ya aure ta, ya ce yaron nasa ne, aka rubuta haka.

"Yaron nan shi ne ubanku," in ji ta, ta ɗauki wata kuɓewar.

Widad ta ji kamar an zare mata tabarma daga ƙarƙashi. Ta dubi wayar, minti huɗu ke nan. Tsohuwar kuwa ta zarce abinta har minti goma sha ɗaya: tsinkar auduga da goyo a baya, da shekarar da kogi ya yi ambaliya ta tuƙa kwale-kwalen Ali mai su da kanta, ta ƙetarar da yara bakwai alhali ko iyo ba ta iya ba. Da ta gama ta share wuƙa a gefen zane.

"Habboba, me ya sa sai yau?"

"Na ji kuna yi ma mutane addu'a. Shekara hamsin da biyar ba wanda ya kira sunan Gambo cikin jama'a. Ina son mata ɗari biyu su ce Allah ya jiƙanta. Shi ke nan abin da nike so."

Wallahi da Widad ta miƙe ko Alhamis ba ta yi niyyar jira ba. Tudun injin niƙa ta nufa, tana tafe tana share hawaye, a ranta tana cewa Rakuba ba ta taɓa jin irin wannan ba. Sai dai hanyar tudu ta gaban gonarsu take bi, ga babanta nan tsugune yana fama da injin ban-ruwa, hannu duk baƙin mai. Ta tsaya. Ta ce ya saurara.

Mukhtar ya saurari minti huɗun nan bai motsa ba. Da aka zo kan zanen da aka yage ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Yaba, ka sani?"

"Tun ina saurayi. Malam ya gaya mini kafin ya rasu." Ya goge hannu a wani tsumma. "Ina za ki kai shi?"

"Rakuba mana. Ita ta ce."

"Ran Lahadi zan kai Ayman garin Sinja."

Sai a nan Widad ta tuna da zancen. Ta manta shaf. Ayman ƙanenta ya ci jarrabawa, an ba shi gurbin karatun likitan dabbobi, abin da ya rage shi ne raƙam waɗani, lambar nan ta ɗan ƙasa da ba a yi wa ɗalibi rajista sai da ita. Ita kuwa lambar a kan takardar uba take hawa.

"Takardata ta ce ni ɗan Sa'idu ne, jikan Mahmudu, haifaffen nan," in ji Mukhtar. "Wannan muryar ta ce an haife ni a gindin itace a wata ƙasa, uban ma wani ne. Ba sai kowa ya zo neman mu ba, Widad. Mutum ɗaya mai jin haushinmu ya isa. Muryar matar nan ta Hajj Abdalla, ba a wayar mai gyaran injin nan na ji ta ba?"

"Amma Yaba, gaskiya ce! Ni nake ce wa mata kada su ji tsoro. Da wane ido zan..." Hausar ta ƙare mata, ta ƙarasa da Larabci, tana yarfa hannu.

Da ma ya yi mata tsawa, da ta samu abin jingina. Sai kawai ya koma kan injinsa ya ce, "Ban hana ki ba. Ke kika yi karatu."

Kai, kwana ukun nan Widad ba ta san inda ta sa kanta ba. A aji ta rubuta darasin lissafi a lokacin Larabci, yara na ta ƙus-ƙus. Ta hau tudu ta sauko, ta sake hawa. Ta buɗe gurub, yatsa a kan muryar, sai ta hango Ayman ya dawo daga bakin kogi da kwandon albasa a kafaɗa, yana waƙe-waƙensa, wawan Allah bai san komai ba, sai ta rufe. Ta ce bari ta tura labarin wata a madadin, amma bakinta ya riga ya ja mata, tun daren Litinin ɗin, don taurin kai, ta shelanta wa mata cewa Alhamis ɗin nan ta kakarta ce, sun yi ta guɗa a waya. Ta ce bari ta gaya wa Habboba gaskiya, ta je har bakin rakuba, ta iske tsohuwar ta sa an wanke mata farin mayafinta na Juma'a don ranar, sai ta juya kamar ta manta wani abu. Ta ji haushin babanta, ta ji haushin Ayman, ta ji haushin takarda da wanda ya ƙirƙiro ta. Kunyar kanta kuwa ta fi duka.

Ran Alhamis da azahar ta zauna a bayan injin niƙa, ƙarar injin na rufe mata kunne, ta buɗe abin yankan murya. Ta saurara, ta mayar baya, ta saurara, ya fi sau ashirin, tana neman inda wuƙa za ta shiga ba a ga tabo ba. Ta same shi kuwa. Akwai wurin da Habboba ta ja numfashi ta ce, "Da munka zauna bakin koginga." Daga nan ta fara. Minti bakwai, sumul, ba Sakkwato, ba aduwa, ba Gambo. Ta tura, ta kife wayar a cinya.

Abin haushi, labarin ya karɓu. Kafin la'asar saƙo ya haura sittin. Wata daga Dinder tana kuka, wata daga Jidda ta ce a sumbaci kan tsohuwar a madadinta. Hindu ma ta turo nata: "Widad, yanzu na san inda kika gado. Kakarki ba ta ɓoye komai ba, Allah ya bar mana ku." Widad ta ji kamar ta jefa wayar a kogi.

Ta iske Habboba zaune a kan gadon igiya, sanye da farin mayafin, ta sa an share rakuba kamar za a yi baƙi.

"To, kunna mu ji."

Widad ta kunna. Aka yi wa Malam Sa'idu addu'a. Aka yi wa Ali mai su. Aka yi wa yara bakwai, aka yi wa ita Yalwa fatan cikawa da imani. Tsohuwar na amsawa da amin, amin, kanta a karkace wajen wayar. Saƙo na ashirin, na talatin. Amin ɗin ya fara yin ƙasa. A na arba'in ta ɗaga hannu.

"Ba wadda ta ce Gambo."

Widad ta kai hannu za ta kunna saƙo na gaba, tsohuwar ta tare ta.

"Kunna mini nawa."

Ba yadda za ta yi, ta kunna. Muryar tsohuwar ta fito: "Da munka zauna bakin koginga." Habboba ta saurari kanta na ɗan lokaci, sannan ta dubi jikarta, kallon da Widad ta gwammace mari a kansa.

"Ashe daga kogi na hito da ɗa a baya."

"Habboba, don Allah ki ji ni. Ayman ne. Ran Lahadi za su Sinja, Yaba ya ce in muryar ta fita... Na rantse ban goge ba, yana nan cikakke. Da sun dawo zan tura shi duka, in gaya wa mata abin da na yi, su zage ni in sun ga dama."

Tsohuwar ta cire farin mayafin, ta ninke shi a hankali, ta ce a miƙo mata butarta.

Daga ranar ba ta sake ce wa Widad 'yar Larabawa ba, wannan kuwa ya fi komai ci mata rai. In ta gaishe ta sai ta amsa lafiya lau, kamar baƙuwa. Juma'a ta wuce, Asabar ta ja ƙafa kamar ba za ta ƙare ba. Ran Lahadi da sassafe Mukhtar da Ayman suka hau bayan mota da takardu a cikin leda, Widad kuwa ta wuni tsakanin makaranta da tudu, ta kira ba a ɗauka, ta kira a ce waya a kashe. Ta ƙona miya. Ta yi wa wata ɗaliba faɗan da bai kai ya kawo ba, ta koma ta ba ta haƙuri.

Gab da magariba sai ga su. Tun daga bakin hanya Ayman ke ɗaga takarda sama yana tsalle kamar ɗan akuya. Gida ya kaure da guɗa, maƙwabta suka shigo, aka ɗora jabanar kofi a wuta. Mukhtar ya dubi 'yarsa ta saman kawunan mutane, ya kawar da kai.

Widad ba ta tsaya shan kofi ba. Ta kutsa ɗakin Habboba da waya a hannu, tana haki.

"An samu, Habboba! Yanzu zan hau tudu. Duka zan tura, tun daga Sakkwato."

"Zamna."

Ta zauna a bakin gado.

"Ƙanwarku da ke aji shida, ita ba ta son takarda?"

"Sai nan da shekara..."

"Ɗiyan Ayman fa, in Allah ya kawo su? Naki fa?" Tsohuwar ta girgiza kai. "Kwana uku ina juya abin ga. Ni na yi wauta, ba ke ba. Tsufa ne ya sa na ga ana rabon addu'a na miƙa hannu. Na ɗauko yaron ga daga gindin itace don ya rayu, ba don in tone shi da bakina ba. Goge."

"A'a, Habboba! To ba zan tura ba. Zan ajiye a wayar kawai, ni kaɗai."

"Wayar da kike kai ma mai gyara kasuwar Sinja duk wata? Goge ina gani."

Widad ta fashe da kuka. Ta yi roƙo da Hausa, ta yi da Larabci, ta ce za ta ɓoye shi inda ko aljani ba zai gani ba. Tsohuwar ta karɓe wayar, ta ce a nuna mata wurin. Ta danna, ta sake dannawa, amma yatsan ya bushe, gilashin bai san da shi ba. Ta miƙa mata.

"Ƙarhen naki ma bai san ni ba. Ke yi."

Wayar ta tambaya ko an tabbata. Widad ta danna. Minti goma sha ɗaya suka tafi, ko ƙara babu.

Hayaniyar tsakar gida na shigowa ta ƙofa. Can Widad ta share fuska da gefen mayafi, ta matso.

"To ni zan riƙa yi mata, Habboba. Kullum, bayan kowace salla. In na samu hali ma wata rana in je har wurin. Me sunan ƙauyen nan, inda aduwar take?"

Tsohuwar ta buɗe baki. Ta rufe. Ta dubi rufin ɗaki, ta dubi tafin hannunta, leɓɓanta na motsi.

"Ran nan da kansa ya zo mini, ina yankan kuɓewa," in ji ta a hankali. "Na daɗe ina nemansa." Ta juyo. "Ke ba ki riƙe ba? Sau nawa kika saurara?"

Ya fi sau ashirin. Widad ta laluba kanta, ta tuna daidai inda aka ja numfashi, ta tuna minti huɗu da daƙiƙa tara, amma sunan ƙauyen babu shi. Ta girgiza kai.

Habboba ta lumshe ido, ta ci gaba da motsa baki, tana gwada wani suna ta saki, ta gwada wani. Daga tsakar gida Ayman na ta ƙwala kira, wai su fito su ga yadda hotonsa ya yi kyau a takarda.